Godiya ga jama'ar Tawa bayan kwana biyu na awon hanta

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya da muka shirya wannan zama muna miƙa godiya ga iyayenmu masu unguwanni da limamai da suka yi shela bayan sallar Juma'a, da iyayenmu mata da suka yi sammako suka jure rana, da ƴan kabu-kabu da suka riƙa kawo tsofaffi ba su karɓi ko dala ba. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga ƴan'uwanmu na labo, wato ɗakin awon jini. Awon amoniya a jini, wato dattin da hanta ke kawarwa, aiki ne mai saurin ɓaci: ba a son a ɗaure dantse ya daɗe, ba a son mai jinya ya riƙa dunƙule hannu, kuma da an ɗebi jinin sai cikin ƙanƙara, a auna shi kafin rabin awa. In aka yi sake a zafin garin nan, sakamako ya hau, a tayar wa mai lafiya hankali a banza. Sun tsare wannan ƙa'ida har zuwa kwalbar ƙarshe.

Wata uwa ta kama dantsen mijinta ta nuna mana, ta ce, "Likita, ga tumbi yana ƙaruwa, ga hannu yana zubewa, ina ruwan hanta da wannan?" Mun gode mata, don tambayar tata ce ta buɗe bakin kowa. Ga amsar kuma, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Amoniya a hanji take fitowa, daga aikin ƙwayoyin da ke zaune a ciki da kuma narkar da furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake. Jini ya kwashe ta zuwa hanta, hanta ta mayar da ita yuriya, irin wadda manoma suka sani a buhun takin zamani, ƙoda ta zubar a fitsari. Idan kitse ya kama fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin hanta, wannan aiki yakan fara rauni, amoniya ta taru, ta ƙara ingiza hanta yin tabo. Abin da hanta ta bari, tsoka ce ke ɗauka: tana haɗa amoniya da wani sinadari mai suna gulutamet ta mayar da ita gulutamin. Amma ba kyauta take yi ba. Tana ƙone nata sinadaran gina jiki, irin su liyusin, kuma amoniya tana ɗaga mayostatin, sinadarin da ke taka wa tsoka birki. Sai tsoka ta rame, kitse ya ratsa ta, amoniya ta rasa mai ɗauka ta ƙara hawa. A wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance, daga nan ne amoniya take kai wa ƙwaƙwalwa: barci da rana, ido biyu da dare, mantuwa, hannu na karkarwa in an miƙe shi.

Shi ya sa muka nace, kuma muna ƙara roƙo: a daina hana mai ciwon hanta nama da ƙwai da wake ana ba shi kunu zalla. Wannan tausayi yana cinye masa tsoka. Wanda ciwonsa ya yi nisa yana buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 ke nan giram 84 zuwa 105 a rana, kuma ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka sai an haɗa da wake, kifi, nono da cuku. A rarraba cin, a ajiye wani abu kafin kwanciya, ko da nono ne da ƴar fura ba sukari, don doguwar yunwar dare tana sa jiki cin tsokarsa. Batun azumi kuma a zo a yi shawara tukuna. Wanda aka rubuta wa laktulos, maganin da ke sassauta ciki don a fitar da amoniya, ma'auninsa bahaya mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana. In ya zama zawo, an wuce gona da iri.

Masu kitse a hanta da ba su kai can ba, rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana kwantar da kumburin hantar, amma a hankali, ba da horon yunwa ba. A rage sukarin shayi da lemun kwalba. A yi tafiyar sassarfa minti 150 a mako, a ƙara da aikin ƙarfi sau biyu. Ku gwada a gida: ku harɗe hannu a ƙirji, ku tashi daga kujera ku zauna sau 5. In ya wuce daƙiƙa 15, tsokar na neman agaji.

Waɗanda muka tura hoton ciki na eko ko awon ciwon hanta na B, don Allah kada takardar ta kwana a ƙarƙashin katifa, ku dawo mana da sakamako. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa ya rikice, ko yana aman jini, ko bahayarsa ta yi baƙi, a kai shi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya biya kowa da aljanna.