DumDum Boys da shekarun da bankunan Norway suka durƙushe

Kundin waƙoƙi na farko da ƙungiyar mawaƙan rok ta Norway, DumDum Boys, ta fitar ya shiga kasuwa a shekarar 1988, wato shekarar da bankin Sunnmørsbanken ya soma tangal-tangal, farashin gidaje kuma ya kama gangarowa a faɗin Norway. Kundinsu na uku ya fito a 1990, kuma kafin shekarar da ta biyo baya ta ƙare gwamnati ta riga ta karɓe biyu daga cikin manyan bankunan kasuwanci uku na ƙasar. A ganina, da wuya mutum ya gane dalilin da ya sa matasan Norway suka rungumi waɗannan mawaƙa hannu bibbiyu, idan bai san abin da aka yi wa harkar bashi a shekarun da suka gabaci tashensu ba.

Asalin ƙungiyar daga birnin Trondheim ne, inda samarin suka fara kiɗa mai kaushi da hayaniya a ƙarshen shekarun 1970 da sunan Wannskrækk. A 1985 suka koma DumDum Boys, Prepple Houmb yana rerawa, Kjartan Kristiansen kuma yana kaɗa jita yana rubuta mafi yawan baitocin. Tun farko da harshen Norway suke waƙa, a lokacin da mawaƙi mai neman suna a duniya yakan ga cewa Turanci ne hanya.

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Norway ce ke ƙayyade yawan rancen da bankuna za su bayar, ita ce kuma ke hana kuɗin ruwa tashi da gangan. Sakamakon haka shi ne masu neman rance sun fi kuɗin da ake da shi yawa, manajan banki kuma aikinsa shi ne zaɓen wanda zai samu daga cikin masu jira a layi. Tsarin yana da illa, domin wanda bai san kowa ba yakan daɗe yana jira, kasuwar rance ta bayan fage kuma tana ta bunƙasa. Da Kåre Willoch na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya zama firaminista a 1981, gwamnatinsa ta sassauta dokokin farashin gidaje, sannan a farkon 1984 aka ɗage babban takunkumin da ke hana bankuna zarce iyaka wajen ba da rance.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne an saki linzami ta gefe ɗaya an bar ɗaya gefen yadda yake. An ba bankuna dama su ba da rance gwargwadon yadda suke so, amma 'yan siyasa ba su yarda kuɗin ruwa ya tashi yadda zai rage kwaɗayin cin bashi ba, kuma dokar haraji ta ci gaba da barin mutum ya cire dukkan kuɗin ruwan da ya biya daga kuɗin shigar da ake yanka masa haraji a kai. Idan aka haɗa wannan rangwame da hauhawar farashi ta wancan lokaci, mai albashi mai tsoka da ya ci bashi ya sayi gida kusan kyauta yake amfani da kuɗin banki, wani lokaci ma riba yake ci. Wa zai ƙi irin wannan tayi? Su kuma bankunan, waɗanda suka shafe shekaru arba'in ba su koyi auna haɗarin rance ba saboda doka ce ke yi musu awon, sai suka shiga tseren buɗe rassa da farautar masu karɓa. Tsakanin 1984 da 1986 rancen bankuna ya riƙa ƙaruwa da fiye da kashi 20 cikin ɗari a kowace shekara.

Mutanen Norway suna kiran waɗannan shekaru jappetida, zamanin samari masu kwat da motocin alfarma da hannayen jari, waɗanda yawancin dukiyarsu ta aro ce. Sautin da ya dace da zamanin shi ne na a-ha, samari uku da suka tafi Landan suka yi waƙa da Turanci, har waƙarsu ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1985. Ba na rage musu daraja, domin gwanaye ne na gaske, amma kiɗansu mai sheƙi ya yi daidai da ƙasar da ke jin cewa duniya ta buɗe mata ƙofa.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin gangar ɗanyen mai, wanda ya kusa dala 30 a ƙarshen 1985, ya faɗi zuwa wajen dala 10 a tsakiyar 1986. Willoch ya sauka a watan Mayu na wannan shekara bayan majalisa ta ƙi amincewa da ƙarin harajin man fetur, Gro Harlem Brundtland ta karɓi mulki, nan take kuma aka karya darajar kuɗin ƙasar, wato krone. Kuɗin ruwa ya yi sama, an fara rage rangwamen haraji, kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1987, gidajen da aka saya da bashi suka koma ba su kai darajar bashin da ke kansu ba. Rashin aikin yi ya tashi daga wajen kashi 2 cikin ɗari a 1987 zuwa wajen kashi 6 a 1993.

A cikin wannan yanayi ne DumDum Boys suka yi tashe. Kundayensu uku na farko, Blodig Alvor da Splitter Pine da Pstereo, kowannensu ya ci kyautar Spellemann, babbar lambar yabo ta mawaƙan Norway, a rukunin rok, shekara uku a jere. Ba waƙar banki ko kuɗin ruwa suke yi ba, kuma bai kamata a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Abin da suka kawo shi ne jita mai nauyi, murya mai kaushi, da harshen da saurayi ke magana da shi a titi, kuma wanda ya ga iyayensa suna fama da bashin gida ko ya gama makaranta bai sami aiki ba ya fi jin kansa a cikin wannan sauti. Tare da deLillos da Raga Rockers da Jokke & Valentinerne, sun zama ƙungiyoyi huɗu da ake kira manyan rok na harshen Norway. Adalci ne kuma a faɗi cewa su ma sun ci moriyar sassaucin, domin gwamnatin Willoch ɗin ce ta karya babakeren gidan rediyon gwamnati na NRK ta ba ƙananan tashoshi lasisi, mawaƙan gida suka sami ƙarin kafofin da za a ji su. Buɗe rediyo bai jawo wa kowa asarar gida ba, shi ya sa nake ganin laifin yana ga yadda aka saki bashi ba tare da an gyara haraji da sa ido ba.

Bankin Fokus, mai hedikwata a Trondheim garinsu, yana cikin waɗanda jarinsu ya ƙare ƙurmus a 1991, tare da Christiania Bank. Gwamnati ta kafa asusun ceton bankuna a farkon shekarar, ta zuba kuɗi, amma da sharaɗin da nake yaba mata a kansa: an mayar da darajar tsofaffin hannayen jarin bankunan biyu sifiri, an sauya shugabanni, masu ajiya kuma aka kare musu kuɗinsu. Den norske Bank, mafi girma a ƙasar, shi ma ya koma hannun gwamnati. A 1992 aka yi wa haraji garambawul, aka kuma zartar da dokar da ke ba magidancin da bashi ya yi wa katutu damar sasantawa da masu binsa, ta fara aiki a farkon 1993. Daga baya an sayar da Fokus ga Danske Bank a 1999, Christiania kuma ya shiga rukunin Nordea a 2000, yayin da gwamnati ta riƙe kusan kashi ɗaya bisa uku na DNB, wato sunan da Den norske Bank ya koma daga baya. DumDum Boys kuwa sun ci gaba da fitar da kundaye a shekarun 1990 da bayansu, da harshen da suka fara da shi.