Kafin ka kawo demasoni gida

Ƙannena masu sha'awar ajiye kifi a akwatin gilashi, akwai wani ɗan kifi da ake kira demasoni, mai ratsin shuɗi da baƙi, tsawonsa bai wuce santimita 8 ba. Dangin karfasa ne, amma a daji ba a samunsa sai a ɗan yanki guda, kewayen duwatsun Pombo a gefen Tanzaniya na Tafkin Malawi. Wani masanin kifi mai suna Ad Konings ne ya raɗa masa suna a 1994. Kifin da gidansa na asali bai fi wannan faɗi ba, bai kamata ya mutu a hannunmu saboda gaggawa ba. Ni a hannuna sun mutu, shi ya sa nake wannan magana.

Ranar da na cika akwatin da ruwan famfo, ranar na zuba kifin. Ban san cewa kashin kifi yana sakin amoniya ba, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a cikin na'urar tace ruwa kafin su riƙa karya wannan guba. Zamansu yakan ci mako 4 zuwa 6. Sai na ga kifin sun taru a saman ruwa suna haki, kumatunsu sun yi ja, launin nan mai ɗaukar ido ya koɗe. Ku bar na'urar ta yi ta aiki babu kifi, kuna jefa ɗan abinci yana ruɓewa, har abin gwaji ya nuna amoniya ta tafi. Ruwan famfo kuma a kashe masa kulorin tukuna. Ruwan Tafkin Malawi ba mai tsami ba ne, pH ɗinsa (ma'aunin tsamin ruwa) yana kusa da 8, don haka dakakkiyar katantanwa a ƙasan akwati tana taimakawa wajen hana ruwan yin tsami.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Na ɗauka kifi kifi ne, na ba su irin abincin da ake ba tarwada a kududdufi. Ashe demasoni gansakukar jikin dutse yake kankara da bakinsa, hanjinsa dogo ne, na mai cin ganye. Abinci mai yawan nama kumbura masa ciki yake yi. Za ka ga ya ɗauki ƙwaya ya tofar, ya koma lungu, farin kashi siriri kamar zare yana bin sa, idan ciki ya kumbura kuwa da wuya ya tashi. Ku nemi abinci mai sipirulina, wata irin gansakuka, ku ba da abin da za su cinye cikin minti ɗaya, ku janye hannu ko da suna bin ku da ido.

Sannan faɗa. Na sayi kaɗan don kuɗina su isa, namiji ɗaya ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya ya yayyaga musu wutsiya. Masu kiwonsa suna ajiye goma sha biyu ko fiye don fushin ya rarrabu, a akwati mai tsawo, da duwatsu jibge har kusan sama, kowa da ramin ɓuya. Wanda ba shi da halin wannan, ya haƙura da demasoni, ba abin kunya ba ne.

Zafin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28 ya dace. Da hunturu a sa hita, da bazara a kawar da akwatin daga taga. Ku tanadi famfon iska mai batir, domin wuta takan ɗauke da tsakar dare.

Idan kuka ga mace ta daina ci, maƙogwaronta ya ɗan kumbura amma cikinta lafiya lau, kada ku kai mata magani. Ƙwai ne a bakinta, za ta riƙe su wajen mako uku kafin ta saki 'ya'yan. Ku dai ƙara mata ƙananan duwatsu inda za su shige.