Kafin a jingine injin kwalekwale a yi hunturu, a duba mai

Da sanyi ya kunno kai aka fara janye kwalekwale daga ruwa, yawancin mutane hankalinsu na kan tamfol ɗin da za su lulluɓe inji da shi. Ni abin da ke damuna shi ne fetur ɗin da zai kwana a cikin injin wata huɗu ko biyar. Injinan da na ga sun ƙi tashi bayan hunturu, kusan dukansu tsohon mai ne ya kwantar da su.

Fetur ba ya son zama. Sashensa mai saurin kamawa yana bin iska, abin da ya rage ya yi kauri ya koma danƙo kamar ƙaro. A tanki abin yana ɗaukar lokaci, amma kwanon kafireta ɗan mai ne a ciki, ga shi da kafar shan iska, shi ya sa daga nan ɓarna take farawa. Ramin da ke ba da mai a silo, wato lokacin da inji ke aiki a hankali ba a ba shi wuta ba, ƙarami ne ƙwarai, danƙo kaɗan ya ishe shi toshewa. Alamar ba ta ɓuya: inji ya tashi da cok, abin da ake ja a rage masa iska wajen tayarwa, kana sakin cok ya mutu.

Sai kuma itanol, wani nau'in alkohol da ake gauraya wa fetur. Man da ake kira E10 kashi 10 cikin 100 na itanol ne, shi kuwa itanol yana zuƙar danshi. Man na iya riƙe ruwa wajen rabin kashi ɗaya cikin 100. In ya wuce haka, ruwa da itanol su ware su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututun zuƙo mai yake. Sanyi yana ƙara rage ruwan da man ke iya riƙewa, don haka man da ke lafiya lau a kaka yana iya rabewa a tsakiyar hunturu. In ya rabe, babu maganin da zai mayar da shi. E15 kuwa, mai kashi 15 na itanol, ba a yi shi don injin ruwa ba, kar ma a kusance shi.

Nawa injin mai ƙarfin doki 15 ne, kafireta ɗaya, da tankin lita 25 da ake ɗauka a hannu. Abin da nake fara yi shi ne in matso mai kaɗan a kwalba mai haske in bar shi ya natsu. In na ga layi biyu, ko man ya yi duhu yana warin tsohon fenti, wannan ya tashi daga aiki. In yana da kyau, sai in zuba maganin hana mai lalacewa daidai awon da aka rubuta a jikin robar, in girgiza tanki, in tayar da inji minti 10 zuwa 15. Nan ne mutane da yawa ke yanke hanya: su zuba magani a tanki su kama gabansu, alhali man da ke cikin tiyo da famfo da kafireta bai ga maganin ba. Kuma don Allah kar a tayar da inji ba ruwa. Farfelar robar da ke tura ruwan sanyaya inji tana ƙonewa cikin daƙiƙu kaɗan in ta juya a bushe. Ko a tsoma ƙafar injin a durom, ko a haɗa mata tiyon ruwa.

Yana cikin aiki nake bin tiyon mai da hannu daga tanki har inji. In lanƙwasa shi in duba tsaga, in lura da inda ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima. Tsohon tiyo yana iya saɓulewa ta ciki waje na nan sumul, ɓarɓashin ya tafi ya cika matata. Ƙwallon robar da ake matsawa a jawo mai ya kamata ya yi tauri bayan 'yan matsa. In ya ƙi, ko bawul ɗinsa ya gaji ko iska na shiga ta wani wuri. Mai sauya shi ya tuna kibiyar da ke jikinsa inji take nunawa. Matatar mai ina sauya ta yanzu, ba na jira sai bazara, don ruwan da ta tara yana iya daskarewa ya fasa kwanonta. Masu manyan injina da ke da matata mai raba ruwa da mai, irin ta maikuron 10 (awon ƙanƙantar ramukan matata ke nan), su ma haka.

Bayan na kashe inji sai in sa tsumma a ƙasa in kwance sukurun da ke gindin kwanon kafireta, man ya tsiyaye tas. Wasu sun fi son cire tiyo su bar inji ya shanye har ya mutu. Ban cika yarda da wannan ba, domin yakan bar saura a kwano. A inji mai bugu biyu da ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, awo 1 cikin 50, musamman mai kafireta fiye da ɗaya, wata silindar kan ƙare mai kafin 'yar'uwarta, sai ta ci gaba da juyawa ba maiƙo. Injinan da ke fesa mai da injekta maimakon kafireta suna da nasu ɗan tankin a jikin inji, shi ma da sukurun tsiyayarwa. Littafin injin zai nuna wurin.

A cika tanki ko a bar shi wayam? Gardamar ba ta ƙarewa. Tankin da ke kafe a jikin jirgi, ni dai a cika shi kusa da baki da mai mai magani, a bar ɗan fili don kumbura, saboda iska kaɗan raɓa kaɗan. Nawa na hannu juye shi nake yi a mota, da bazara in sayi sabo.

Duk wannan a fili ake yin sa, batir a cire, ba taba ba tartsatsi, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake gangarawa ya taru. Man da ya lalace kuma a zuba shi a jarka mai murfi a kai inda ake karɓar irinsa, kar ya shiga ruwa ko kwata. Inji a ajiye shi a tsaye, ƙafarsa ƙasa, ruwan da ya rage a ciki ya tsiyaye kafin ƙanƙara ta same shi.