Na je ɗaukar hoton furanni a Luoping, aka koma ɗaukata

Ban bar Kano da niyyar yawon buɗe ido ba. Sari na je Guanzu, sai na tarar hutun sabuwar shekarar Sinawa bai gama sakin mutane ba, masana'antar da nake jira ta ce sai bayan kwana goma. Wani ɗan Damagaram da muke cin abinci tare ya nuna mini hoto a wayarsa, gonaki ruwan ɗorawa iya ganinka. Na ce haɗin kwamfuta ne. Ya ce in je lardin Yunan in ƙaryata shi.

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya kai ni Kunmin, daga can na hau na talakawa zuwa Luoping. Otal na farko, yarinyar da ke kan kanta tana ganin koren fasfo ta ce "mei yo", wato babu, ta koma kan wayarta. Ko kallo na biyu ban samu ba. A garinmu ko ba ka da masauki ai ka ba baƙo ruwa. Sai a na uku aka karɓe ni.

Da asuba na hau dutsen Jinji, wanda sunansa ke nufin zakaran zinariya. Ashe ni ne na makara. Masu kyamara sun riga sun kafa ƙafafun ƙarfensu a jere, kowa ya tsare wurinsa kamar layin mai. Hazo ya rufe komai, sanyi kuwa ya fi na tsakiyar hunturu. Can wajen takwas hazon ya yaye, sai na ji bakina yana salati. Ƙasa gaba ɗaya rawaya, duwatsu masu tsini sun tsaya a ciki ɗaiɗai, sak dalar gyaɗar Kano da muke gani a tsofaffin hotuna. Wayata ta kasa. Duk abin da na ɗauka sai ya fito kamar an zubar da kwabin ƙwai.

Shukar suna kiranta youcai, danginsu ɗaya da kabeji. Ta kai mini ƙirji, furenta ƙanana masu kunne huɗu, ƙwayarta baƙa ce kamar gero, ita ake matsewa a sami man girki yadda muke yi da riɗi. Ba don 'yan kallo ake shuka ta ba, noman rani ne kawai. Ƙamshin kuma kada a yaudare ku, zuma ce da dafaffen kabeji.

Da na sauka cikin gonakin sai lamari ya juya. Farin kaftani da zanna bukar a tsakiyar rawaya, wasu tsofaffin mata masu jan gyale suka yi mini caa. Wannan ta riƙe hannun rigata, waccan ta tura jikanta gabana. Da ina karɓar yuwan biyar-biyar, da kuɗin jirgina ya fito.

A bakin hanya na samu wani dattijo mai kiwon zuma, da tantinsa da akwatuna a jere. Su bin furanni suke yi daga lardi zuwa lardi, kamar Fulani da ciyawa. Ya buɗe akwati da rana tsaka, ba wuta ba tashin hankali, na tuna yadda ake hawa bishiya cikin dare a ƙone rabin amya. Zumar fara ce, ta daskare kamar man shanu. Nan take na zargi sukari, halin gida. Ta wayar fassara ya ce haka zumar wannan fure take, saurin daskarewa gare ta. Muna cikin haka ɗaya ta harbe ni a wuya. Ya kankare ƙarin da farcensa, ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi. Na sayi kwalba biyu ban taya ba, kunya ta hana, ya ƙara mini ta uku da ƙullin citta.

Washegari na leƙa Luositiyan, inda kunyoyin suka nannaɗe kamar bayan dodon koɗi. Ruwan sama ya kore ni. Magangarar ruwa ta Jiulon kuwa kuɗin shigarta ya fi ƙarfin abin da na gani.

Hajiyarmu ta lashi zumar jiya, ta ce an cuce ni, sukari ne.