Ƙaurar da sabar fayil zuwa sabuwar na'ura ba tare da an rasa izini ba

Kwafe fayiloli daga tsohuwar sabar, wato kwamfutar da ke ajiye wa ofis fayiloli, zuwa sabuwa ba shi ne wahalar aikin ba. Abin da ke ta da hankali washegari da safe shi ne izini da suna: wa ke da damar buɗe wace folda, da kuma sunan da kwamfutocin ofis suka saba nema.

Fara da gwada sababbin faifan kafin ka zuba musu komai. Umarnin smartctl -t long, mai binciken lafiyar faifai, yakan ci awoyi, amma gara faifai ya nuna cutarsa yana wofi. Ka kuma tabbatar akwai cikakken kwafi a wani wuri dabam, domin RAID, tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ba ya maido da abin da aka goge.

Sai lissafin lokaci. Kebul mai gigabit 1 yana ɗaukar kusan megabait 110 a daƙiƙa, wato terabait 1 zai ci kamar awa biyu da rabi, idan manyan fayiloli ne. Ƙananan takardu bila adadin kuwa sukan ninka wannan sau da yawa, tunda kowanne sai an buɗe shi, an rubuta izininsa, an rufe. Shi ya sa ba a jiran daren ƙaura. Yi kwafin farko kwanaki kafin nan, mutane na kan aikinsu, ka riƙa maimaitawa kowane dare. Daren ƙarshe abin da ya canja kawai zai bi.

A Windows, umarnin kwafe fayiloli na Robocopy ne abin aikin:

robocopy \\tsohuwa\D$\Ajiya D:\Ajiya /MIR /COPYALL /DCOPY:DAT /B /R:1 /W:1 /MT:16 /LOG:C:\kaura.txt

/COPYALL ne ke tafiya da izinin NTFS, wato izinin da Windows ke ɗora wa kowane fayil, da sunan mai fayil. Kada ka manta da /R da /W. In ka bar su, Robocopy zai sake gwada fayil ɗaya da ke buɗe har sau miliyan 1, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani, ka wayi gari ka tarar ya tsaya cak a kan fayil ɗin Outlook na wani da bai rufe ba. /MIR kuma wuƙa ce mai baki biyu: duk abin da babu a tushe, sharewa yake a masauki. Ka juya adireshin biyu bisa kuskure, sabuwar da babu komai a cikinta ta share tsohuwar. Fara da ƙara /L, ya nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba.

A Linux, umarnin kwafin shi ne rsync -aHAX --numeric-ids. Mutane da yawa na tsayawa a -a, alhali shi kaɗai ba ya ɗaukar ACL, wato jerin waɗanda aka ba izini a kan fayil.

Yanzu inda aka fi faɗuwa. Sabar ba ta san mutum da sunansa ba, da lamba ta san shi: SID a Windows, UID a Linux. Idan asusun ma'aikata na cikin Active Directory, wato rumbun asusun da duk kwamfutocin ofis ke amfani da shi, lambar za ta bi su. Idan a kan tsohuwar na'urar aka ƙirƙire su, ko ka sake buɗe asusu da suna iri ɗaya lambar ta bambanta, sai ka ga jerin S-1-5-21 a inda ya kamata sunaye su fito, kowa ya kasa shiga. Izinin rabawa, wato na shiga folda daga wata kwamfuta, shi ma ba ya cikin fayilolin. Yana cikin rajista, ma'ajiyar saitunan Windows, a HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\LanmanServer\Shares. Fitar da shi, shigar a sabuwar, ka sake kunna ta, da sharaɗin harafin faifan bai canja ba.

Daren ƙaura, rufe wa kowa hanyar rubutu, yi kwafin ƙarshe, karanta rahoton layi-layi inda aka ce ya gaza. A ganina hanya mafi sauƙi ita ce a sauya wa tsohuwar suna, a bai wa sabuwar sunan da tsohuwar ta bari da adireshin IP ɗinta. Da haka gajerun hanyoyi da mahaɗan da ke cikin Excel za su ci gaba da aiki. Ka duba tsohuwar na'urar sikanin da ke tura takardu cikin folda, domin wasu SMB1, tsohon tsarin raba fayiloli, kaɗai suka iya, sababbin Windows kuma ba sa zuwa da shi a kunne.

Gwada da asusun ma'aikaci na gama-gari, ba na mai kula da sabar ba, wanda ko'ina a buɗe yake gare shi. Tsohuwar kuma a kashe ta a ajiye, faifanta a ciki, har sai an rufe lissafin ƙarshen wata lafiya.