Minti shida kacal

Yau Laraba, Garwa ta yi zafi ba kaɗan ba. A lise, wato makarantar sakandare, muna darasin faɗuwar abubuwa sai wata yarinya ta ɗaga hannu, wai Malam ai can sama ƙasa ba ta jan komai ko, shi ya sa 'yan sama jannati ke shawagi. Na ce a'a 'yata, tana jan su sarai, faɗuwa suke yi su da jirginsu tare. Na sa aka kawo gorar ruwa na huda gindinta da ƙusa, ruwa na tsiyaya, na hau tebur na sake ta, wallahi tana barin hannuna tsiyayar ta tsaya cak. Aji ya kaure da ihu.

Bayan isha'i na zauna ƙofar gida da waya ina karatu kan rokokin bincike, waɗanda ba sa zagaya duniya, su dai su hau su faɗo. Jamus na da shirin TEXUS tun 1977, daga sansanin Esrange kusa da Kiruna a arewacin Suwidin suke harbawa, rokar ta kai wajen kilomita 250, kayan cikinta su samu minti shida babu nauyi, a nan ake narka ƙarfe, a duba yadda wuta ke ci, a duba ƙwayoyin halitta. Wata rokar da ta fi ta girma, MAXUS, ita kuwa ta kai kilomita 700, minti 12 da ɗoriya. Injin TEXUS na yanzu ma na Birazil ne, VSB-30, wanda aka fara gwadawa a Alcântara, can Birazil ɗin, a 2004, wannan ya yi min daɗi sosai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne juyi. Rokar tana tashi tana jujjuyawa don kar ta karkace, to amma juyin nan shi zai ɓata gwajin, don zai riƙa wurga kaya gefe. Sai suka naɗe igiyoyi biyu a jikinta da ɗan ƙarfe mai nauyi a bakin kowace, in ta kai sama a sake su, su warware su tafi da juyin, sauran motsin kuma a kashe shi da feshin iskar gas. Kafin duk wannan an ɗora kayan kan teburin girgiza an jijjiga su an ga ko wata ƙusa za ta kwance. Daga ƙarshe lema ta buɗe, helikwafta ya je ya ɗauko.

Gobe in Allah ya kai mu zan biya wajen mai walda a kasuwa, mu gwada igiyoyin nan da ƙafar keke, yaran su gani da idonsu.