Na saida wa Baba gidana, yanzu ni ne mai gadin gidan

Eh da gaske ne, Baba na saida mawa. Na gaji da maimaita labarin a majalisa shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi sau daya kowa ya huta.

Gidan yana can bayan Kofar Kaura, ciki biyu da falo sai dakin zaure, na fara aza bulo a 2017 na tare a 2020, kuma duk wanda ya taba gini da kudin shago ya san me nake nufi, yau ka sayi kwano bandir daya gobe ka tsaya wata uku kana kallon kango. Siminti nake saidawa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kudin mota ya tashi, kafin mu farga a farkon 2024 buhu ya haura dubu goma, kudin da ke cika mani shago ya koma ko rabi baya cikawa, kwastoma ya zo neman buhu hamsin kace mashi sai jibi, to ai ya tafi kenan ba zai dawo ba. Shine na yanke shawarar in saida gidan in kara jari mu koma sashen da Yaya ya bari a gidanmu na Rafin Dadi.

Dillali ya zo ya zagaya yace zai yi miliyan 15 in ban yi gaggawa ba. Ban san wa ya kai wa Baba labari ba, har yau ina zargin Hajiya mahaifiyata, kawai bayan sallar isha'i ya kira ni zaure yace "Wai gida zaka saida wa bare ina raye?" Lokacin bai dade da karbar giratuti ba, kudin na banki kullum darajarsu na zagwanyewa, yace shi zai saya ya zuba 'yan haya ya rika samun na cefane tunda fansho baya kaiwa karshen wata. A raina nace Alhamdulillah, ba la'ada, ba yawo da masu zuwa kallon gida suna leka bandakin matarka suna tabe baki.

Abin da ban lissafa ba shine ba a ciniki da uba. Da bare ne zai taya kace albarka, ya kara kace albarka, har ku hadu a tsakiya ka sallama. Baba yace "Sha biyu zan baka." To ka ce mi? Na bude baki zan kawo maganar dillali ya kalle ni ta saman tabarau yace "Filin ma wa ya cika maka kudinshi?" Kuma gaskiya ne shi ya cika mani. Nace na sallama Baba, Allah ya sa albarka. Miliyan uku ta tafi cikin kunya, ko da yake in aka cire la'ada da wata biyar ko shida da zan yi ina jiran mai saye shago na zaune wayam, asarar bata kai yadda na rika jin ta a kirji a daren ba.

Niyyata tun farko in ce mashi in na farfado zan dawo da kudin in karbi gidana, a sa haka cikin takarda. Sai na tuntubi malamin da muke daukar karatu wurinshi da asuba, yace kul. Yace a mazhabarmu ta Malikiyya in aka gindaya wannan sharadi cikin ciniki to cinikin ya baci, don ya koma bashi ne da aka lullube, ka karbi kudi shi yana cin haya har ka biya, bambancinshi da jinginar gona da ake ci amfaninta kadan ne. In bayan an gama ciniki ya yi maka alkawari don ra'ayin kanshi wannan daban. Amma ka sani daga ranar da ka karbi kudi gida ya fita hannunka fit.

Hajiya ce ta fassara mani wannan "fit" din da Hausar da na gane. Ina cin tuwo a dakinta tace "Kai kana ganin ubanka ka saida mawa ko? Ku goma sha hudu ka saida mawa, da ni da abokiyar zamana." Na aje cokali. Wallahi tunanina bai taba zuwa nan ba. Ranar da ta Allah ta kasance, Allah ya kara wa Baba lafiya da nisan kwana, gidan nan da na dauki yashinshi da kaina cikin gado zai shiga, matan su raba tumuni, saura a raba mu namiji kashi biyu mace kashi daya, ni ma a bani nawa kamar kowa. Kuma ba zalunci bane, na karbi kudina. Inda rigima take shine in babu takarda, wani ya tashi yace ai dama gidan Baba ne shi ya gina, ko a ce kudin da ya bani rance ne ban biya ba, ko 'ya'yana su taso suna cewa ai aro Kaka ya yi. Duk mun ga irin wannan a kotun shari'a, 'yan uba daya sun daina gaisawa a kan daki biyu.

Don haka na nemo lauya ya rubuta takardar ciniki. Ranar da na kai wa Baba sai da ya yi fushi, "Ni zaka kawo wa lauya? Cinye maka zan yi?" Kawu ne ya cece ni, yana gefe yana jan carbi yace Yaya ai aya mafi tsawo a Alkur'ani ta rubuta bashi ce, karshen Bakara, kuma a cikinta aka ce ku kafa shaidu in kun yi ciniki, ba a ce banda da da uba ba. Baba ya yi shiru ya mika hannu a bashi biro. Mai unguwa ya sa hannu, Kawu ya sa, na kuma nace sai babban dan dakin Umma, abokiyar zaman Hajiya, ya sa shi ma, da gangan, don kar gobe a ce a boye aka yi. Kudin ma ta banki na ce a turo, ban yarda da buhu ba. Saura canjin suna a ma'aikatar filaye, don a dokar kasa ta 1978 fili a birni yana hannun gwamna ne kuma mika satifiket ga wani sai da amincewarshi, wannan kam har yanzu muna kan zirga-zirga.

Maganar riba kuwa ni dan kasuwa ne dole in fadi gaskiya. An sa haya dubu 550 a shekara, raba miliyan 12 da wannan ka gani, kusan shekara 22 kafin uwar kudi ta dawo, ba a cire fenti da yashe masai da watannin da gida zai zauna ba kowa ba, a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin dari. Na nuna wa Baba a kalkuleta yace "Kasa bata rubewa." Kuma ta wannan fuskar ya fi ni gaskiya, darajar gidan na hawa ko da hayar bata taka kara ta karya ba, ga shi ba zakka a kan ginin sai abin da ya taru na haya in ya kai nisabi ya shekara. Ga dattijon da ba zai iya zaman kasuwa ba ban ga laifin dabarar ba. Laifin daya ne, Baba bai iya karbar haya ba. Mai hayar wani malamin makaranta ne mai ladabi, ya gano masallacin da Baba ke sallah, duk Juma'a sai ya je ya durkusa ya gaishe shi, da lokacin biya ya yi ya kawo rabi Baba yace ba komai Allah ya hore. Ni na ji a bakin Hajiya bayan wata biyu.

Gyara kuma duk ni ne. Famfo ya lalace ni, takardar wuta ta zo ni, cikin Agusta da aka yi ruwan nan mai iska karfe daya na dare mai haya ya kira Baba wai falo na yoyo, Baba ya kira ni yace "Gidanka na zuba." Nace Baba gidanka dai. Yace "Wa ya san inda kwanon ya hade in ba kai ba?" Da safe na dauki kafinta muka je, kusa da roba dubu goma sha takwas daga aljihuna, kuma ina zan iya kai wa Baba rasit.

Ina tsaye tsakar gida kafinta na sama sai na ga bangon kicin inda muke auna tsawon yara da gawayi duk karamar sallah an shafe shi da fenti ruwan toka. Matar gidan ta aiko yaro da ruwa a kofi, yaron ya mika mani ya ruga ciki yana cewa "Mama, mai gyara ya ce ya gode."